Kat-San-Kat a Tsakar Gida

Shekara goma sha ɗaya tana zaune kan bulo huɗu
a tsakar gidanmu na Garin Malam.
Kaji sun yi ƙwai a kujerar direba,
Inna na shanya kuɓewa a bayanta,
har yaran unguwa suka manta mota ce,
suna ce mata rumfar Ɗan Tanin.

Ɗan Tanin ubana ne.
Da ita ya yi jigilar gyaɗa daga Matamai.
Ranar da ya kwanta ita ma ta kwanta;
shi muka kai shi makwancinsa,
ita muka bar wa rana ta cinye fentinta.

Bara da kaka na buɗe murfin inji,
ƙadangare ya ɗaga kai ya dube ni
kamar mai gidan da aka faɗo wa ba sallama.
Na ce masa: haya ta ƙare.

A kwanon miya na wanke karbirato.
Barira ta gani, ba ta ce uffan ba.
Da dare a cikinsa ta zubo mini taushe,
na sha da ƙamshin esansi,
na ce an gode.

Kowace Alhamis ina kasuwar Dole,
ina tonon tarin ƙarfen Mutari.
Buji huɗu, babu biyun da suka haɗa uwa.
Radiyato na wata ce da ta mutu a hanyar Tanut,
na yanke masa kunne, na liƙa wani da walda,
ya zauna zaman agola:
da fari a takure, daga baya ya sake.

Maƙwabcina Gambo na leƙowa ta katanga:
"Abin da ka zuba wa gawar nan
ai ya sayi kabu-kabu biyu."
Gaskiyarsa, ba ni da ta cewa.
Amma shi bai ga abin da na tsinta ba
ƙarƙashin kujera, cikin kashin ɓera:
takardar bashi da ajamin tsoho,
kowane suna an ja masa layi
sai guda: "Kalla, taya, jika biyar."
Kalla ya daɗe da rasuwa.
Na kai wa ɗansa, ya tsaya yana kallona.

Na ƙara mata ganyen sifirin biyu a baya,
na ɗaga gadonta da ƙarfen tsohuwar ƙofa,
don ba gyaɗa za ta ɗauka ba yanzu.
Damagaram kan dutse take,
famfo kan yi kwana uku bai ce komai ba,
bido arba'in kuwa ba wasan yara ba ne.

Saude ce mai riƙe mini tocila,
shekararta tara, ta san kili goma sha uku da ido.
Ita ta zaɓi launi: ruwan bula.
Kakanta fara ya bari,
to amma ba shi zai hau ba.

Ranar Talata, bayan la'asar, da batir na aro,
na yi bisimilla na murza makulli.
Tari. Shiru. Tari.
A na bakwai ta yi atishawar baƙin hayaƙi,
kaji suka watse,
sai ga tsohuwar muryar nan
mai ɗan ɗingishi a tsakiya.

Inna, da idonta ya yi rauni,
ta fito ɗaki da ruwa a moɗa,
ta nufi zaure da sauri kamar da.
Tsakiyar hanya ta tsaya.
Ta daɗe a tsaye.
Sannan ta juyo ta miƙo mini,
ta ce, "Sha, ka sha hanya."

Abu ɗaya ya rage:
ƙofar da ta shigo mun toshe ta da bulo
tun shekarar da aka yi mana sata.
Gambo ya ce gobe da sassafe
zai zo da gudumarsa.