Kashin Tama

Mun bar Sakkwato bayan asuba, ni da Tumba,
hanyar Dange, sannan burji, sannan ba burji,
sai sawun amalanke cikin jar ƙasa.
Ta ce, "Baba, ina garin?"
Na ce, "Muna kansa."

Arzika ya tarbe mu a gindin aduwa,
tsoho da sanda, idonsa guda ya yi fari.
Ba allo a nan, ba tikiti, ba mai gadi.
Ya karɓi goro biyu, ya juya su a tafi,
ya ce, "Ku biyo ni, ku lura da ƙahwa,
wanga wuri duk rami na."

Ga ramukan tama, sun fi talatin,
bakinsu kamar na rijiyar da aka yi wa gori ta ƙafe.
Sabara ta rufe wasu, geza ta rufe wasu.
Tumba ta jefa tsakuwa, muka kasa kunne.
Jemagu ne suka amsa,
suka fito a fusace kamar masu bin bashi.

A nan, in ji shi, mutum ke sauka da igiya a ƙugu,
fitila a baki, gizago a hannu.
Na sama ya ja kwando, na ƙasa ya ja numfashi.
Ranar da dutse ya yi nauyi, gida ya sha fura da nono.
Ranar da bai yi ba, a sha da ruwa.

Gaba kaɗan, abin da ya rage na murhun narka tama:
da'irar yumɓu, ƙonanniya, tsayin gwiwata,
ƙadangare na gyaɗa kai a kanta
kamar shi aka bar wa gado.
Kwana da wuni wuta na ci a ciki,
gawayin ƙirya, hayaƙi har Shuni a gani.
Na waiga ina neman ƙirya.
Ko kututture.

Sai ya tsaya a wani wuri da ƙasa ta lotsa,
babu rami, babu tudu, kamar sawun babban kwano.
Ya cire takalmi. Ni ma na cire.
"Jabbi na nan ciki," ya ce, "ƙanen kakanka.
Damina ta yi sauri waccan shekara.
Kwana ukku sunka yi suna tono."
Ni da na zo da waya don ɗaukar hoto,
na mayar da ita aljihu.
Muka ɗaga hannu. Tumba ta ɗaga nata,
tana satar kallona don ta ga yaushe ake shafawa.

Ba yaƙi ya tashi garin nan ba, ba annoba ba.
Wata rana dai ƙarfen mota ya shigo kasuwa,
mai arha, ba sai an shiga ƙasa ba.
Shi ke nan.
Ɗaya bayan ɗaya aka naɗe igiyoyi.

Maƙeri guda ya rage a bakin hanya, Nomau,
yana ƙera kalme daga sifirin ɗin tsohuwar roka.
Zuga-zuginsa na haki kamar tsohon jaki a hawa.
Na tambaye shi ko ya taɓa ganin an narka tama.
Ya yi dariya, bai ɗago ba.
"Na dai ji."

Da za mu tafi, Tumba ta tsinci wani baƙin abu,
mai ƙuraje, mai ƙyalli, ya fi girmansa nauyi.
Arzika ya ce kashin tama ne,
abin da wuta ta ƙi, maƙeri ya ƙi.
Ta ƙulle shi a gefen mayafi.

Yanzu yana kan tagar ɗakinta a Mabera,
yana danne mata takardun makaranta
kada fanka ta watsar.