Aikin Dare a Puerto Montt

Ƙarfe biyun dare, ruwa na dukan kwanon rufi.
Kifi tan dubu na kwance cikin ƙanƙara,
ni kuwa ido biyu, ina bin bututu da tocila.

Don Baldomero ya koya mini aikin nan.
Idonsa na hagu fari fat kamar dafaffen ƙwai,
tun ranar da ya kwance bawul zai tsiyaye mai,
tabarau na aljihu, wai ai minti ɗaya ne.

"Eliana," yakan ce, "amoniya ba munafuka ba ce,
sai ta yi sallama take shigowa.
In hancinki ya amsa, bar gardama.
Dubi tutar kan rufi,
nufi inda iska ke fitowa."

Ita laima take farauta:
hawaye, gumi, damshin maƙogwaro.

Yau na ga tsatsa a gwiwar bututu na bakwai,
'yar mitsitsiya, ba ta kai farce ba.
Manaja zai ce a bari sai Litinin,
jirgi na jiran kaya.

Na rufe layin.
Na danna kwaɗo, na rataya sunana.

Can gangaren tudu, inda iskar take nufa,
Millaray ɗiyata na barci,
taga a buɗe.