Idon Hagu

Motar Baba Arzika, Fijo kat-san-kat,
ta girme ni da damina shida.
Tari ɗaya take ta tashi,
ta haye tudun Kurfeyawa ba nishi,
amma idonta na hagu ya daina ƙiftawa.

In na yi dama, tik-tak, lafiya lau.
In na yi hagu, shiru.
In na taka birki kuwa, sai ta kanne wa na baya ido
kamar tsohuwa mai tsokanar jikoki.
Jiya a bakin kasuwar Tawa ɗan kabu-kabu ya kusa shigewa ƙarƙashina.
"Alhaji, in za ka karkata ka faɗa!"
Ni ban je Makka ba.
Kuma na faɗa, ita ce ba ta isar ba.

Garejin Nomau, Bilbis, gindin bedi.
Yaronsa Tankari ya zare fizibil,
ya ɗaga shi sama kamar mai duban ƙwan zabi.
Ƙalau.
Ya kwance ampul, ya kaɗa a kunne,
zare bai tsinke ba.
Ya kwanta rigingine, ƙafafu waje,
ya ciro ɗan gwangwanin nan mai ƙidaya ƙiftawa,
ya aro wani a jikin gawar Reno.
Shirun dai, shi ne.
Jikka biyu ta tafi, la'asar na binta.

Nomau bai tashi ba sai da shayi na uku ya sauka.
Ya zo da guntun waya mai ƙwai a baki,
yana taɓa nan, taɓa can,
kamar wanzami mai neman inda zai ɗora ƙaho.
Ya buɗe murfin fitilar baya.
Jan rairayi ya zubo, da busasshen ƙwaro,
da tsatsa mai ɓarewa kamar ɓawon albasa.

Can ciki, wayar mas,
an ɗaure ta da tsagin robar taya.
Na san ƙullin.
Da shi Baba ke ɗaure bakin buhu.

Nomau ya ce, "Wuta tana zuwa.
Komawa ce ta gagara.
In ba ta da hanyar gida ba ta haskawa,
sai ta ratsa ta gidan maƙwabci,
ta kunna abin da ba a aike ta ba."

Bai dube ni ba.
Duk unguwa an sani:
shekara sha tara a Abijan,
na iso an riga an raba sadakar arba'in.

Ya kankare ƙarfen har ya yi fari,
ya ɗaure sabon kusa, ya shafa giris da ɗan yatsa.
"Danna."

Tik.
Tak.
Tik.

Tankari ya yi guɗa irin ta mata, Nomau ya maƙe shi a ƙeya.
Robar da suka yar, na tsince ta, na sa aljihu.

Da magariba, a kwanar gidanmu, na kunna hagu.
Tana ƙiftawa, ina gani a bangon masallaci.
Duk da haka na miƙa hannu ta taga,
tafi ƙasa, yatsu a buɗe,
yadda yake yi.