Benci Na Uku Daga Baya

Shekara ashirin da biyu ina laluben jijiya a hannun mutane,
a Dogo, a Gafati, daga baya a Garin Malam,
da tocila a baki idan wuta ta ɗauke.
Ko a hannun jariri ban cika soka sau biyu ba.
Yau ga ni a benci na uku daga baya,
bik kawai na riƙe, hannun yana rawa.

Takardar da na samu tun ina budurwa
cewa ta yi: wanke, ɗaure, yi allura, jira.
Jira mai sa hannu.
Yaran da na koya wa riƙon almakashi
sun tafi sun dawo da babbar takarda,
sun zauna a kujerar manjo,
suna cewa, "Inna Sahura, a kawo rajista."
Ina kawowa.
Sai dare ya yi nake jin abin a maƙogwaro
kamar ƙwayar da aka haɗiye ba ruwa.

Na kwashi adashena,
na kai tumaki biyu kasuwar Dole ran Alhamis.
Malam Ilu bai ce i ba, bai ce a'a ba.
Da asuba dai na tarar da jaka a bakin ƙofa,
ya ɗinka ta da ragowar shaddar mutane,
har da ɗan aljihun tabarau.

Famfon unguwarmu sai ƙarfe uku na dare yake tari.
Nan nake karatu, a kan turmin da na kife,
jarka tana cika, ina haddar sassan ƙoda.
Faransancin da na ajiye ya yi tsatsa,
kowace kalma sai na ɗiga mata mai kafin ta juya.

Falmata, sa'ar ƴata ta biyu,
ita ke kama yatsana ta ɗora a kan na'ura.
Ni kuma ranar gwaji na kama nata:
"Bar kallo, ƴar nan. Ba ido ke ganin jijiya ba."

Jarrabawar farko, bakwai bisa ashirin.
Na tura takardar ƙarƙashin tabarma,
Nafi'u autana ya tono ta.
Ya duba, ya gyara murya irin tawa:
"To Inna, ke wa zai sa miki hannu?"
Na yi dariya har tuwo ya kama.

Wata Talata Mushe Laminu ya cika allo da alli,
gishirin jini, yadda yake sauka, yadda zuciya ke tuntuɓe.
Ana ta rubutu.
Ni na koma Gafati, daminar da hanya ta yanke,
yarinya ƴar shekara shida mai jan abin wuya,
uwarta tana yi mata fifita da faifai.
Na yi duk abin da na sani a daren.
Ashe abin yana da suna.
Ashe layi huɗu ne a littafi.
Na nemi izini na fita,
na tsaya bayan aji, gindin dogon yaro,
har aka kira la'asar.
Kwana ya ƙare, na sani, ba na jayayya da Mai Shi.
Amma layi huɗun nan na kwafe su sau goma.

Da yamma kabu-kabu ya bi da ni ta duwatsun Birni.
Suna nan yadda na san su, wani a kan wani,
ba wanda ya tambaye su shekarunsu.
Gwiwa tana ciwo. Saura shekara biyu.
Kuɗin zango mai zuwa ban san inda za su fito ba.

A bangon kayena na baya,
inda ba malamin da ke dubawa,
na fara koyon sa hannu.
Har yanzu wutsiyar tana karkacewa.