Direbar Bas Ta Tuna Shekarar Kofi

Ni na tuƙa su a shekarar nan.
Bas mai ruwan ɗorawa, gilashin baya a tsage,
yara goma sha bakwai da warin safa.
Garin Orlen Creek kaf bai kai mutum ɗari tara ba,
har da na maƙabarta, in ji Koci Hruska.

Wasan farko aka lallasa mu,
talatin da ɗaya da shida.
Ba wanda ya yi ko tari har muka wuce rumbunan masara,
sai Lyle Novotny, can kujerar baya,
ya ce shi fa yunwa yake ji.
Dariyar da ta ɓarke, daga nan aka fara.

Ezequiel Barraza, ɗan ma'aikacin mayanka,
gajere kamar turmi,
in ya rungumi ƙwallon nan mai siffar ƙwai
sai ka ce ɗan akuya ya tsinke igiya.
Uwarsa ba ta iya kallo.
A bas take zama da ni, carbi a hannu:
Ya tashi?
Ya tashi, Ofelia, ga shi can yana gudu.

Oktoba, uban Wendell ya karye a ƙugu,
masara tsaye a gona, sanyi na matsowa.
Koci ya soke atisaye kwana uku.
Da kanta a yamutse suka shiga wasan Juma'a,
tafin hannu duk kanta,
suka ci da tazarar maki ɗaya.

Ranar ƙarshe dusar ƙanƙara ta rufe layukan fili.
An kulle banki, an kulle shagon aski,
kare kaɗai aka bari gadin gari.
Saura daƙiƙa huɗu.
Wendell ya wurga, iska ta karkatar,
Lyle, wanda ƙwallo ke zille wa tun Satumba,
ya buɗe hannu kamar mai tarar ruwan indararo.
Ta zauna.

Ban ga sauran ba. Ofelia ta shaƙe ni.

Yau an haɗe makarantar da ta garin gaba.
Kofin na tagar banki, kusa da kalanda.
Lyle na sayar da tayoyi,
Ezequiel na cire haƙora a birni,
Koci ya bi waɗanda yake ƙirgawa.
Bas ɗin na bayan gidana, kaji na ƙwai a ciki.
Wani lokaci nakan zauna a sitiyari,
in duba madubi,
in ƙirga kawuna.