Takunkumi

Uku na jera a kan bargo,
ƙananan bindigogi uku, sun sha mai.
Kofur Nanret na tsaye, hannu a baya,
ta ce, "Oga, wacce?"
Na ce ta sake faɗa. Ta sake.
Kunnen hagu na baro shi a filin harbi tun tana goye,
na dama kuwa gyare ya tare a ciki,
ba ya biyan haya, ba ya barci.

Da can bayan katangarmu duwatsu ne da kyarana.
Yanzu gari ya hauro ta hanyar Rukuba,
rufin kwano har gindin waya.
Ran Talata muka yi atisaye.
Ngo Kaneng ta bar masa a kan wuta,
ta suri jikanta, ta ruga da takalmi ɗaya.
Tanimu mai shayi ya ja ƙofa.
Kafin azahar labari ya kai Bukuru wai an fara.
Ba a fara komai ba,
takarda muke hudawa.
Amma Jos ta san wannan muryar,
ta san ta kamar tarin maƙwabci.

Sai umarni ya sauko daga ofis:
a koyar da sababbi da ƙaramin harsashi,
a sa wa bindiga takunkumi.

Harsashin bai fi ƙwayar gyaɗa ba.
Ba a bugunsa a cibiya,
gefen gindi ake taɓawa ya tashi,
kamar surukin da ba a yi wa magana kai tsaye.

Ta farko Nanret ta so, na gani a idonta.
Sheƙi, rashin nauyi, sai ka ce ta shiga aljihu.
Na ce dubi bakinta, sumul, ba zare.
Ina takunkumi zai zauna?
Ta biyu tana da zare, tana da tsirfa,
hayaƙi kaɗan ya taru mata a maƙogwaro
sai ta ƙware, ta ƙi ci,
ga takunkumin ya tare wa ido hanya.

Ta uku tsohuwa ce.
Fenti ya goge inda tafin hannu ke kwana,
tana da nauyi irin na taɓarya,
wanda ke yi wa hannu rabin aiki.
Na ce ɗauki.
Ta ɗauka, ta yi shiru, kafaɗarta ta sauka.
Bindiga kamar takalmi ce, 'yata,
ba a aron ƙafa a gwada.

Na murɗa takunkumin, zagaye bayan zagaye.
Ta ja numfashi, ta saki rabi, ta taɓa kunama.
An ce mini ƙarar
kamar an karya busasshen kara ne a ɗakin kusa.
Ni ban ji ba.
Kurciya na gani a kan waya, ba ta tashi ba,
hayaƙin masa na hawa miƙe a bayan katanga.

To, an samu abin da ake so.
Amma da yamma da nake ƙirga kwanso,
arba'in da tara, hamsin,
wani abu ya tsaya mini a ƙirji.
Bindiga mai ihu tana tona kanta,
tana cewa ku gudu, ga ni.
Wannan kuwa mun koya mata ladabi,
ladabin da ban yarda da shi ba a wajen katanga.
Shi ya sa kwaɗo biyu na sa wa akwatin,
na rubuta lamba, na sa hannu,
na sa Nanret ta sa nata a ƙarƙashi.

A bakin ƙofa ta yi magana.
Na juya mata kunnen gyare.
Ta ɗaga murya, tana dariya:
wai Ngo Kaneng ta tambaya
ko yau ba mu yi aiki ba.
Ta miƙo mini masa biyu a takarda,
da sauran zafinsu.