Daƙiƙa Arba'in

Fuskar mutum kasuwa ce ga Safwanu:
gira na ciniki, baki na ciniki,
ido na faɗin wani farashi daban.
Sai ya toshe kunnuwa,
ya koma wajen murafan kwalbarsa.

Shekara shida ina cewa "gaishe su mana,"
ina ɗibar ruwa da kwando.

Malama Kangyang ce ta zaunar da ni:
"Fuska ba ta tsayawa, Baban Safwanu.
Waya kuwa ba ta ƙosawa,
ba ta ɓata rai a karo na goma.
Ɗauko masa gaisuwa ɗaya tak,
ba kiɗa, ba ado."

Asabar da sassafe muka sauka Farin Gada.
Yayarsa Nuratu ta riƙe wayar,
sanyin Jos na kaɗa mata hannu.
Na tsaya gaban Iya Talatu mai kabeji,
na yi gyaran murya, yadda na saba,
na ce, "Ina kwana, Iya?"
Ta ce, "Lafiya lau, ya yara?"
Na miƙa kuɗi da hannun dama.
Daƙiƙa arba'in. Shi ke nan.

Ya kalla. Ya mayar baya. Ya kalla.
Caji ya ƙare, muka jira wuta,
wuta ta zo, ya mayar baya.
Kwana goma sha tara
ina jin muryata daga ƙuryar ɗaki
tana gaishe da mace ɗaya.

Ranar da muka kai shi,
motocin tumatir na ta ihu.
Bai dubi Iya ba, kabeji ya duba.
Ya yi gyaran murya,
nawa sak, har da ɗan tarin ƙarshe,
ya ce, "Ina kwana, Iya,
lafiya lau, ya yara?"
Ya haɗa tambaya da amsa ya cinye.

Iya ta goge hannu da zani.
"To, Alhaji, ka rage mini aiki."
Ta ɗora masa karas biyu gyara.
Ni kuwa na juya ina neman canjin
da ba wanda ya tambaye ni.

Mun sake ɗauka daga baya,
muka bar shiru a tsakiya,
gurbin da amsar wani za ta zauna.
Wannan har yanzu muna kai.

Amma jiya bayan Isha'i
ya ajiye wayar a tafin hannuna.
Bidiyon ba ni na ɗauka ba:
siminti, yatsa ɗaya, murafai a jere,
ja, ja, kore. Ja, ja, kore.
Ya danna. Ya mayar baya. Ya danna.
Sai a karo na huɗu na gane
wane ne ɗalibin.

Na sauko ƙasa, gwiwata na ƙara.
Na sa kore bayan ja biyu.
Bai kalle ni ba.
Ya turo murfi na gaba kusa da ƙafata,
ya jira,
ya bar mini shiru a tsakiya.